Wata uku da mataimakiyar da ban taɓa ganin fuskarta ba

Bayan ƙaramar sallah na kai maƙura da waya. Ga shago a Kasuwar Barci a Kaduna, ga yara, ga saƙonnin WhatsApp da Instagram da ba sa yankewa. Sha biyun dare ina kwance ina amsa "nawa ne leshin nan?" Ƙanwata ce ta haɗa ni da wani kamfani a Legas mai ba da hayar mataimaka ta intanet: kina biyan su duk wata, su ware miki mutum yana can garinsu yana yi miki aiki. Aka ba ni wata yarinya mazauniyar Ibadan, awa 4 a rana, Litinin zuwa Asabar.

Satin farko ma ta ba ni kunya. Na ɗauki hoton littafin bashina shafi-shafi na tura mata, kafin Laraba ta zuba shi a jadawalin intanet na Google Sheets, kowa da sunansa da abin da ya rage a kansa. A nan na ga mutum uku da na manta ina bin su kuɗi tun kafin azumi. Na kafa mata doka ɗaya: kar ta ce wa kowa kuɗi ya shigo sai na duba banki da kaina, hoton alat ba shaida ba ne. Ta riƙe wannan gam. Lokacin duk wanda na gani sai na yaba masa ita.

Sai maganar ankon nan ta zo.

Wata Hajiya ta yi odar atamfa turmi 25 na bikin 'yarta. Saƙon murya ta turo, kusan minti huɗu, rabinsa gaisuwa. Yarinyar ba ta jin Hausa, don haka ni na saurara na rubuta mata a gurguje: turmi 25, Tudun Wada, ranar Laraba da safe. Ita kuwa ta duba taswira, ta ga Tudun Wada ga ta nan jikin shagona, ta kira yaron da ke kai mana saƙo a cikin gari. Ya ɗora kaya a keke napep ya shiga zagaye. Ya kira Hajiya, ta ce masa ya zo wajen Kongo zai ga gida mai jan ƙofa. Yaro ya bugo min yana haki: "Anti, wai wane Kongo ne a Tudun Wada?" Gabana ya yanke ya faɗi. Tudun Wadar Zariya ce.

Ƙawayen amarya sun taru tun safe suna jiran kowa ta karɓi nata ta kai wa tela. Na rufe shago da la'asar na bi kayan zuwa tashar Kawo, na roƙi direba, na biya kuɗin kujera biyu. Sai bayan isha'i suka isa. Hajiya ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Haba 'yar nan, in abin ya fi ƙarfinku ai sai ku faɗa." Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Daren nan na rubuta wa yarinyar saƙo mai zafi, na goge ban tura ba, don da na koma sama na karanta abin da na rubuta mata, babu Zariya a ciki. Wanda bai taɓa taka Arewa ba ina zai san Tudun Wada da Sabon Gari kusan kowane gari da nasa? Washegari ita da kanta ta tsara tambayoyi huɗu da ake yi wa duk mai oda: gari, unguwa, alamar gida, lambar wanda zai karɓa. Ni kuma na zauna na rubuta mata abubuwan da na ɗauka kowa ya sani. Turmi yadi 6 ne. "In sha Allah zan turo" ba biya ba ne. Babbar mace ana gaishe ta, a tambayi iyali, kafin a faɗi farashi.

To amma kamfanin nan, har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Muna shiga wata na uku, bayan na gama wahalar koya mata, na wayi gari na ga wani saurayi a madadinta. Ba sanarwa, ba ban haƙuri, wai an mayar da ita wajen wani babban kwastoma. Takardar da muka rubuta ma bai buɗe ba. Saƙonsa na farko ga wata dattijuwa da ta kusa jika da shi: "Hi dear." Kuɗinsu kuwa sun cire cif, kwana ɗaya ba su rage ba, ni aka bari da sauya kalmomin sirri na duk shafukana.

Na ce musu ko su dawo min da ita ko ƙarshen wata mu rabu. Sun ce za su duba. Yau kwana tara ke nan, kuma saƙonnin murya har yanzu ni ke sauraron su da daddare.