Gidan tuwon nan na Dutse, har yanzu da sauransa

Jiya na sake lekawa wani tsohon gidan tuwo a Dutse, wanda babana ke cewa da rumfar zana Hajiyar ta fara shi a 1991, shekarar da Babangida ya cire Jigawa daga Kano aka mai da Dutse hedikwata. A lokacin garin karamar hukuma ce kawai, fadar sarki na can Garu saman duwatsu, sai ga ma'aikata an kwaso su daga Kano ba gidajen zama ba iyali, wasu a ofis suke kwana, ranar Juma'a kowa ya kama motar Kano, to ka ga dole mai tuwo ta yi ciniki.

Yanzu an yi ginin bulo har da fanka da firiji. Tuwon shinkafar da miyar taushe wallahi ba magana, man shanu har kasan kwano. Amma naman kam yanka 2 ne kanana kamar na sadaka, kuma na kusa minti 30 ina jira sai da na ce "Hajiya a taimaka mana" tukunna. In za ka je ka riga ma'aikatan sakatariya, da an sallame azahar taushen ya kare sai kuka.