Shafin lissafin CGPA da aka haɗa wa sashenmu: abin da na gani

Tunda ana ta tambayata ko aikin yaron nan da ya haɗa mana shafin lissafin CGPA (matsakaicin makin ɗalibi na duk simestocin da ya yi a jami'a) ya yi, bari in faɗi abin da na gani da idona. 'Yan Gombe kun san shi, kun san kuɗinsa, ba sai na maimaita ba. Mu 'yan aji huɗu muka yi karo-karo, muka ba shi rabi, ya ce ragowar sai ya gama.

Ranar da ya turo shafin na ji daɗi ƙwarai. Ba ya shan data, ko da yamma da netwok ke yin ƙasa a Pantami yana buɗewa. Ka rubuta kwas, ka sa yunit (nauyin kwas ɗin a lissafi), ka zaɓi abin da ka samu. Tsarin maki biyar ya bi daidai, daga A mai maki 5 ga wanda ya ci 70 zuwa sama, har F ga wanda bai kai 40 ba. Sannan ya ƙara wani ɗan akwati a ƙasa da ke gaya maka GPA (matsakaicin makin simesta guda) nawa kake bukata a simesta mai zuwa in kana son CGPA ɗinka ya kai 3.50, inda tu-wan (digiri mai daraja ta biyu ta sama) ke farawa. Mu ba mu ma nemi wannan ba. A daren na tura masa cikon kuɗinsa.

To wannan akwatin da na yaba, shi ne ya jawo mana abin da har yanzu yake cin raina.

Akwai wata 'yar ajinmu mai ƙoƙari, ba zan kama suna ba. Ta zauna ta shigar da sakamakonta tun daga aji ɗaya, shafin ya nuna mata 3.52. Tu-wan ke nan. Akwatin ya ce mata a simestar ƙarshe, mai yunit 18, ko 3.39 ta samu ta tsira. Ta kira mahaifinta a Kumo ta yi masa albishir, ta mayar da hankalinta kan furojet. Sai bayan an yi tes ta je sa hannu wajen lebul kodineta, malamin da ke kula da sakamakon ajinmu, ta leƙa takardar da ke gabansa, ta ga 3.43 a gaban lambarta.

Ta same ni a bakin ɗakin karatu, muryarta na rawa, ta ce, "Yaya, wanne ne gaskiya, na Malam ko na shafinku?" Muka zauna da biro da bayan wata tsohuwar takardar rajista muka bi lissafin layi-layi. Ashe tana da keri-oba guda a aji biyu, wato kwas mai yunit 3 da ta faɗi, ta sake shi ta samu C. Shafin sai ya goge F ɗin ya sa C a gurbinsa, kamar ba a taɓa faɗuwa ba. Ita kuwa makaranta ba ta mantuwa: yunit ɗin da ka faɗi yana nan a lissafi, wanda ka sake ma yana nan. Makinta 422. Shafin ya raba da 120, makaranta ta raba da 123. Yunit uku kacal, amma su ne tsakanin tu-wan da tu-tu (daraja ta biyu ta ƙasa), kuma duk mai neman tallafin digiri na biyu ko aikin banki ya san abin da wannan ke nufi. Da muka sake lissafin abin da take bukata, ba 3.39 ba ne, 4.00 ne cif. A wajen ta fashe da kuka.

Na kira shi nan take. Na ce, "Injiniya, shafinka ya yi wa mutane ƙarya." Maimakon ya saurara, sai gardama, wai haka ake yi ko'ina. Daga baya ya bayyana cewa tsarin wasu jami'o'in Amurka ya ɗauko, inda sabon maki ke maye gurbin tsoho. Mutumin da ya yi karatu a ƙasar nan, ya ga abokansa suna fama da keri-oba, a ce bai gwada aikinsa da sakamakon ɗalibi ko ɗaya mai keri-oba ba!

Adalci dai, ya gyara, kuma bai nemi ko sisi ba. Yanzu akwai wajen da za ka nuna kwas ɗin da ka maimaita, na gwada da sakamakon mutane da dama ya yi daidai da na kodineta. Hannunsa na da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Har na fara cewa komai ya wuce.

Amma da na tuna yadda gyaran ya zo sai raina ya sake ɓaci. Duk abin da mutane suka adana ya share, bai yi wa kowa gargaɗi ba, kowa sai da ya koma ya faro daga aji ɗaya. Da na ce ya rubuta sanarwa a saman shafin cewa lissafin baya akwai kuskure, sai ya ce ni in faɗa a guruf, kada a ɓata masa kasuwa. Kasuwarsa ce ta dame shi, ba yarinyar da ta rasa makonnin da za ta dage ba. Ko haƙuri bai ba ta ba.

'Yan Jami'ar Kashere da suka yi min magana, da ku 'yan foli da lissafinku na maki huɗu ne, in za ku ba shi aiki ku riƙe cikon kuɗinku har sai ya lissafa muku sakamakon mai keri-oba ya yi daidai da na makaranta. Ni kam ya nemi mu ba shi aikin shafin tsofaffin tambayoyin jarrabawa, na ce masa babu wannan maganar sai ya kira ta ya ba ta haƙuri.