Zaman Asabar na yaran da aka yi wa rasuwa a Tudun Wada: aikinsa da inda ya rage

A wata Islamiyyar matan aure da ke Tudun Wadan Zariya, malamai mata biyu da wata nas mai ritaya suna zama da yaran da suka rasa uwa, uba ko ɗan'uwa, kowace Asabar bayan la'asar. Zama shida ne, kowanne awa ɗaya. Ba a biyan ko kwabo, sai dai a zo da littafin rubutu da fensir mai launi. Ba sa karɓar yaro sai bayan sadakar bakwai, kuma sun yi daidai, don sai 'yan gaisuwa sun watse, an naɗe tabarmin ƙofar gida, sannan yaro yake fara tambaya.

Zaman farko na mai riƙon yaro ne shi kaɗai, kuma nan ne ƙarfin aikin yake. Tambaya ɗaya suke farawa da ita: "Hajiya, me aka gaya masa?" Amsar ba ta cika wuce uku ba: Abba ya yi tafiya, Umma tana asibiti, ko kuma ya yi barci. Kowacce da ɓarnarta. Yaron da bai kai shekara 5 ba bai san cewa ba a dawowa daga mutuwa ba, saboda haka wanda aka ce wa tafiya ce zai riƙa rugawa zaure duk lokacin da ya ji tsayuwar babur. Wanda aka ce wa barci ne zai ƙi kwanciya da daddare. Wanda aka ce wa asibiti ne kuwa, ranar da kakarsa ta ce za ta je a auna mata hawan jini, sai ya riƙe mata zani yana ihu. Maimakon haka suna koya wa mai riƙo maganar da zai faɗa, ya maimaita a gabansu har bakinsa ya saba: "Abba ya rasu. Ba ya numfashi, ba ya jin zafi, ba ya jin yunwa. Ba zai dawo gida ba, amma addu'armu tana isa gare shi." Suna kuma gargaɗin cewa yaro zai sake tambaya gobe da jibi, kada a canja amsa, kada a yi masa tsawa.

Daga zama na biyu ake raba yaran, 'yan shekara 4 zuwa 7 a tabarma ɗaya, 'yan 8 zuwa 12 a wata, ba a wuce takwas a kowacce. Ƙananan zane suke yi, sannan a amsa musu abin da ya fi damunsu: wa zai yi mini wanka, wa zai kai ni makaranta, ke ma za ki mutu? Manyan ana yi musu sira. Annabi (SAW) bai ga mahaifinsa ba, mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 6, kakansa yana ɗan 8. Ana ba su labarin hawayen da ya zubar da ɗansa Ibrahim ya rasu, don yaron da aka cika wa kunne da "namiji ba ya kuka" ya san hawaye ba rashin tawakkali ba ne. Akwai kuma maganar da ake faɗa wa kowane yaro ko bai tambaya ba: "Ba rashin jin maganarka ne ya kashe ta ba." Yara da yawa suna ɗauke da wannan zargin a ciki ba wanda ya sani.

Uwar da ke takaba ta wata huɗu da kwana goma, malama ce take bin ta har ɗaki. Allah ya saka musu da alheri a kan wannan.

Inda ya rage, na farko sunan da 'yan makaranta suka laƙaba wa zaman, "ajin marayu". Ajin yana jikin na 'yan hadda, tagogi a buɗe, ana leƙe, har wasu yaran su yi gum. Labule da sauya lokaci za su magance wannan. Na biyu, yara maza da suka fara tasawa ba sa sakin jiki a gaban malamai mata, ana buƙatar malami namiji. Na uku ya fi nauyi: bayan arba'in dangi kan raba yaran riƙo, wannan gidan baffa a Samaru, wancan gidan gwaggo a Giwa, zaman ya yanke a na huɗu, kuma babu mai buga wa sabon mai riƙo waya ya gaya masa inda aka tsaya.

Alamomin haɗari ma da baki kawai ake faɗa, ya kamata a ba da su a rubuce. Fitsarin kwance, tsotsar yatsa da manne wa uwa na 'yan makonni ba abin tayar da hankali ba ne. Amma idan an shafe wata biyu yaro yana ƙin abinci, yana ramewa, ya ƙi makaranta, a nemi takarda wurin nas ɗin a kai shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Shika. Idan kuwa ya ce yana so ya bi mamacin, a ranar za a kai shi, ba sai Asabar ta zagayo ba.