Na'urar awon suga da na saya saboda gyangyaɗin bayan azahar

Jama'a wannan 'yar na'urar awon suga ta gida ta burge ni kuma ta ƙona min rai, duka biyun. Tunda na fara ƙoƙarin rage teɓa wani irin barci ya saka ni a gaba, ba na gajiya ba, irin wanda da na ci abincin rana kafin la'asar idona ya fara rufewa ina zaune gaban kwamfuta, wani lokacin sai wuyana ya karye nake farkawa a firgice ina duba ko oga ya gani. Tsarin da aka ban kuwa ba karin kumallo sai shayi ba madara, da rana shinkafa da miya, da dare kayan marmari kawai.

A ofis ɗinmu kowa likita ne. Hajiyar da muke teburi ɗaya kullum maganarta ɗaya, "ƙanwata sugarki ne ya yi ƙasa, wannan yunwar da kike gana wa kanki ce, sha lemo mai sanyi ki dawo hayyacinki." Har aikawa take a siyo min, in sha in ɗan wartsake, can kuma barcin ya dawo ya fi na da. Shi ne na biya wani kemis na sayi na'urar.

Ranar da na kai ta ofis, wajen awa biyu da cin abinci, gyangyaɗin ya taso yadda ya saba, na je na wanke hannu da sabulu na goge ya bushe (takardar cikin kwalin ta ce in da ragowar zaƙin mangwaro ko dabino a yatsa zai ɗaga lambar), na tsira allurar a gefen yatsa, jinin da take buƙata bai kai ƙwayar gero ba, cikin 'yan daƙiƙu ta nuno 171. Wallahi sai da barcin ya gudu. Ni da nake jiran in ga ƙasa da 70, don daga nan ne ake cewa suga ya faɗi, sai ga shi ya haura 140 ɗin da ake so mai lafiya ya kasance ƙasa da shi awa biyu bayan abinci. Kenan duk wannan lemon ƙari ake min a kan wanda ya riga ya yi yawa. Hajiya ta karɓa ta juya ta, ta ce jabu ce aka sayar min. Nan take mutane suka yi layi kowa na miƙo yatsa, na ce ku yi haƙuri, ba a haɗa abin tsira yatsa da kowa saboda ciwon hanta da makamantansa, kuma gaskiya tsinken awon da ake ɗiga jinin a kai nake ji.

Da safe kafin in sa komai a baki tana ban 103, 106, haka dai. Na tattara lambobin a ɗan littafi na kai asibiti, likitar ta yi min bayani cewa awon safe daga 70 zuwa 99 lafiya ne, 100 zuwa 125 ana bakin ƙofar ciwon suga, daga 126 kuma sai a tabbatar ko ya shiga. Ta ce kar in dogara da na'urar gida wajen yanke hukunci, ta tura ni gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, ya fito 5.9, shi ma bakin ƙofa. Ta kuma tambaye ni ko ina munshari, na ce sai dai a tambayi maigida, ta ce to a tambaye shi, don masu jiki da yawa numfashinsu na sarƙewa cikin barci su wuni suna gyangyaɗi, ba komai ne suga ba. Ta sa na dawo karyawa da ƙwai ko ƙosai ko alala, in rage shinkafar in cika da wake da ganye, in ɗan taka minti goma zuwa sha biyar bayan abinci. Alhamdulillah barcin ya ragu sosai, bai tafi duka ba amma yanzu ina kai la'asar ido biyu. A nan kam na'ura ta biya kuɗinta.

To amma fa tsinken awon, sitirif ɗin nan. Mai kemis da yake ta "Hajiya wannan ita ce ta gaske, ki ɗauka ba za ki yi nadama ba" bai taɓa ce min kwalbar tsinke ɗaya ta kusa kuɗin na'urar kanta ba, kuma kowane sau ɗaya ake amfani da shi a yar. 'Yan ƙalilan ɗin da suka zo a kwali nan da nan suka ƙare. Na koma ya ce babu, sai wani satin, wani satin ya ce kaya na hanya, na zaga shaguna kowa da irin tasa, ashe na wani kamfani ba ya shiga ta wani. Har ya buɗe baki yana ce min ko zan sayi wata na'urar da yake da tsinkenta, ku ji fa. Da na samu a ƙarshe saura wata biyu wa'adinsu ya ƙare, ga su ba sa son zafi, ba a barinsu a mota ko a bar murfin a buɗe, mu kuma ga garinmu ga rashin wuta. Wasu sun tafi a banza saboda jinin bai isa ba ta nuno kuskure, kuɗi kenan ya shiga shara. Kuma in ka auna sau biyu a jere sai ka ga 112 ka ga 121, likita ta ce irin wannan bambancin ba matsala ba ne a na'urorin gida, amma ni dai yana min ciwo in ƙona tsinke biyu a kan amsa ɗaya.

Da farko har cewa nake duk mai rage ƙiba ya saya, yanzu na ɗan janye. In barcin rana ya dame ki fara zuwa asibiti a yi miki awon safe, ya fi sauƙi. In kuma sai kin saya, kafin ki miƙa kuɗi ki tabbatar aƙalla shago biyu kusa da ke na da tsinkenta, ki tambayi farashinsa, ki duba kwanan watan jikin kwalbar.