TG-3 ko T.21: wacce za ka fara ginawa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce hannunka ya faɗa da tuƙa ƙananan jiragen soso na rimot, yanzu kana son ka gina gilaida, wato jirgin sama marar inji, ta katako da kanka, wadda za ta zama kwafin jirgin koyar da sojoji na da. Guda biyu suka tsaya maka a rai, Schweizer TG-3A ta Amurka da Slingsby T.21B ta Ingila, kuma da ka ga faɗin fukafukansu ya zo ɗaya sai ka ɗauka duk wadda ka kama aikin iri ɗaya ne. Faɗin kam ɗaya ne, ƙafa 54, wato mita 16.46, tsawon jikinsu ma duk ya ɗan haura mita 8. Iyakar kamarsu ke nan. Ni dai T.21 zan ce ka fara da ita, amma bari in jera maka su ka gani da idonka.

Abin da aka ƙera kowacce dominsa shi ya ba ta siffarta. Ranar 10 ga Mayun 1940 sojojin Jamus suka dira a kan sansanin Eben-Emael na Beljiyam cikin gilaidodi ƙirar DFS 230, ba ƙarar inji ba komai, suka karya wurin da ake ganin ba ya karyuwa. Hankalin Amurka ya tashi, a 1941 ta buɗe shirin horar da matuƙan gilaida a gurguje. Kamfanin 'yan'uwan nan Schweizer da ke Elmira a jihar New York yana da TG-2 a hannu, sai dai da alminiyom aka yi ta, shi kuwa alminiyom a lokacin jiragen yaƙi ake tanadar wa. Aka ce su sake ƙira ba tare da shi ba. Haka TG-3 ta fito a 1942: fukafukai na katako, gangar jiki ta bututun ƙarfe da aka yi wa walda aka lulluɓe da yadi, ɗalibi a gaba malami a baya, fiffiken kuma aka sauko da shi ƙasa don malamin ya riƙa ganin waje sosai. Guda 114 kaɗai aka ƙera. Ba ta daɗe a bakin aiki ba, kuma dalilin akwai ban dariya: ta fi ƙarfin aikin da aka ba ta. Ɗaliban nan Waco CG-4A za su je su tuƙa, akwatin dakon sojoji mai gangarowa ƙasa ba wasa, ita kuwa TG-3 da ire-irenta shawagi suke so. Sai rundunar ta koma cire wa ƙananan jiragen Aeronca da Taylorcraft da Piper injinsu tana koyarwa da su, su ne TG-5 da TG-6 da TG-8.

T.21 kuwa ba gaggawa aka yi mata ba. Kamfanin Fred Slingsby da ke Kirkbymoorside a Yorkshire ya tashi samfurin farko a 1944, ƙirar T.21B ta biyo baya a ƙarshen 1947. Rundunar sojin saman Birtaniya ta karɓi 95 da sunan Sedbergh TX.1, ta miƙa su ga Air Training Corps, ƙungiyar samarin da ake raino don aikin jirgin sama, suka yi ta aiki har tsakiyar shekarun 1980. Katako ce da yadi daga hanci zuwa jela. Fiffiken yana sama da kan matuƙa a kan wani ɗan doro, da tokara ɗaya kowane gefe. Malami da ɗalibi kafaɗa da kafaɗa suke zama, ba rufi, sai 'yan ƙananan gilasai biyu masu tare iska. Saboda ƙiba da nauyin jiki yaran suka yi mata laƙabi da sunan kwalekwalen dakon kaya, kuma duk wanda ya ga tana tafe a sama ya san ba su zalunce ta ba.

To mu zo kan tebur. Idan ka rage girmansu ya koma kashi ɗaya bisa huɗu, fiffike zai kai mita 4.11. Ɗaya bisa biyar, mita 3.29. Ɗaya bisa shida, mita 2.74. Ɗaya bisa biyar nake ba ka shawara, don kowane ɓari na fiffiken bai wuce mita ɗaya da rabi da 'yan kai ba, zai shiga mota, kuma girman ya isa iska ta ɗauke shi da mutunci. Ƙasa da haka jirgin yakan yi rawar kai, ya daina kama da na gaske a sama.

Lissafin nauyi ne ya fara raba su. T.21B a cike kilo 476 ce a kan fiffike mai faɗin murabba'in mita 24.2. TG-3A kilo 544 a kan murabba'in mita 22. In ka rage tsawo sau biyar, faɗin fili yana raguwa sau 25, nauyi kuma sau 125. T.21 ɗinka za ta tashi kilo 3.8 a kan murabba'in mita 0.97, TG-3 kuma kilo 4.35 a kan 0.88. Ma'ana kowane yanki na fiffiken TG-3 yana ɗauke da kayan da ya fi na T.21 da kusan rubu'i. Wanda ya fi ɗaukar kaya dole ya fi gudu kafin iska ta riƙe shi. Na ainihin ma haka suke: T.21 takan ci mita 21 gaba kafin ta sauka mita ɗaya, a gudun da ya kusa kilomita 70 a awa, TG-3 kuma mita 24, amma sai ta haura kilomita 80. A hannun gwani wannan gudun riba ne, yana huda iska mai ƙarfi ya dawo gida. A hannun wanda bai taɓa saukar da jirgin kilo huɗu marar inji ba, gudun yana cinye masa lokacin tunani ne kawai.

Fiffiken T.21 ya fi sauƙin gini, kuma tokarar nan ita ce sirrin. Idan ka yi ta mai aiki da gaske, ba ta ado ba, ita za ta ɗauki rabo mai yawa na nauyin, sai mahaɗar fiffike da jiki ta zama 'yar sanda ƙarama kawai. Ɓangaren ciki na fiffiken faɗinsa ɗaya ne, haƙarƙarinsa iri ɗaya, ka yanka guda ka yi ta kwafa. Sai can waje yake tsukewa. TG-3 ba ta da tokara. Duk ƙarfin yana cikin ƙashin bayan fiffiken da sandar ƙarfe ko ta kabon da za ta ratsa cikin jiki, a ƙasa, daidai inda tayar sauka da kujerar malami suke neman wuri su ma. Fiffiken kuma yana tsukewa zuwa baki, haƙarƙari kowanne da girmansa. Bakin fiffike siriri shi yake fara sakin iska idan gudu ya ragu, jirgin ya kife gefe guda ba sallama. Maganinsa a murɗa bakin ƙasa kaɗan tun wajen gini, kamar digiri biyu, kuma dole murɗin dama da na hagu su zo daidai. Wannan aikin yana son hannun da ya riga ya gina fiffike ko da sau ɗaya.

Wani abu da ya shafe su duka: kada ka kwafi yankan fiffiken ainihi, wato siffar kaurinsa da lanƙwasarsa daga gaba zuwa baya, ido rufe. T.21 da yankan da ake kira Göttingen 535 aka yi ta, mai kauri da lanƙwasa sosai, TG-3 kuma da NACA 4416. A girman jirgin gaske suna aiki lafiya, amma a fiffiken da faɗinsa daga gaba zuwa baya bai kai santimita 30 ba, mai tafiya a hankali, iska takan rabu da bayansa da wuri. Shi ya sa masu zana taswirar samfura da yawa suke sauya shi da siriri, irin jerin HQ na Helmut Quabeck. Daga ƙasa ba mai gane bambancin, sai a tafiyar jirgin.

A gangar jiki kuwa kowacce da irin wahalarta, kuma a nan ba zan ɓoye maka ba, T.21 ma tana cin lokaci. Jikinta akwati ne mai faɗi, gefensa a miƙe, wannan ba matsala. Amma da yake ba ta da rufi, komai na ciki a fili yake: kujeru biyu, sandunan tuƙi, allon agogai, ɗamarar kujera, ga matuƙa biyu da sai ka saka, don T.21 ba mutum a ciki kamar gidan da aka tashi take. Batir da risiba mai karɓar saƙon rimot da sarbo masu motsa sassan tuƙi duk sai ka ɓoye su ƙarƙashin kujera ko cikin hanci. Hancin nata gajere ne, saboda haka ka shirya zuba dalma a gaba kafin cibiyar nauyi ta zo inda taswira ta nuna, kuma duk giram ɗin da ka ƙara a jela za ka biya shi ninki-ba-ninki a hanci. TG-3 tata wahalar doguwar rumfar gilashin nan ce mai firam-firam. Ko ka sassaƙa katako ka gasa roba a kansa, ko ka lanƙwasa roba yanki-yanki a kan firam, kuma rumfar ita ce fuskar jirgin, in ta karkace ba fentin da zai rufa mata asiri. Jikin na ainihi bututun ƙarfe ne, kai kuma da sandunan katako za ka kwaikwaye shi, yadda layukansu za su fito ta ƙarƙashin yadi.

Tambayar da ya kamata ka fara yi wa kanka ma ita ce da me za ka tashe ta. T.21 ta gaske yawanci da winci ake cilla ta, injin da ke naɗe doguwar waya daga ƙarshen fili, kuma samfurinta yana karɓar roba mai ja ko winci da kyau saboda faɗin fiffike da rashin gudu. A bakin tudu ma, inda iska ke bugowa ta hau sama, iska 'yar kaɗan ta ishe ta, sai dai jikin ya yi wa tafin hannu ɗaya faɗi, ka nemi mai jefa maka kai kana riƙe da rimot. TG-3 ta fi jin daɗin a ja ta da wani jirgi mai inji, wanda ke nufin sai kana da aboki mai jirgin ja da fili mai santsi. Jefa ta da hannu akwai wuya, don fiffiken yana daidai wurin da za ka kama. Wasu sukan saka ƙaramin injin lantarki mai batir a hanci da farfela mai naɗewa. Masu tsantseni suna ƙyamar hakan, ni ban ga laifinsa ba ga wanda yake shi kaɗai a garinsu, gara jirgi mai farfela a hanci da wanda yake rataye a bango.

A sama dukansu suna buƙatar ka iya haɗa allon jela da allunan fiffike, wato sassan da ke motsi don tuƙa jirgin, wajen juyawa. Dogon fiffike in ka karkatar da shi dama, hanci yakan fara leƙa hagu, jirgin soso bai koya maka wannan ba. Ka saita rimot ɗinka allon da ke ɗagawa ya fi mai sauka tafiya, kuma ka tanadi tasha bakwai a rimot ɗin: biyu na fiffike, biyu na jela, biyu na birkin iska, ɗaya na sakin igiya.

Wajen sauka ne na fi jin tsoron TG-3 a hannun sabon shiga. Dukansu taya ɗaya gare su da katakon zamiya a ƙarƙashin hanci. Amma fiffiken T.21 yana can sama, ciyawa da kututture ba sa kai masa. Na TG-3 yana dab da ƙasa, bakinsa ɗaya ya kama ciyawa jirgin zai wulwula, kuma mahaɗar nan da ka sha wahala a kanta ita za ta sha bugun.

Fenti kam TG-3 ta fi ɗaukar ido, jiki shuɗi fiffike rawaya irin na jiragen koyarwa na sojin Amurka a farkon yaƙin, kuma ana hango shi daga nesa. T.21 ta fara da ruwan azurfa da zoben rawaya, daga baya ja da fari. Ruwan azurfa yana ɓacewa cikin hazo, ka ɗauki ja da farin. Hotunan T.21 ba sa wuyar samu, don har yau akwai masu tashi a hannun 'yan Vintage Glider Club, ƙungiyar masu riƙon tsofaffin gilaidodi da aka kafa a 1973. TG-3A kuma akwai guda a gidan tarihin sojin saman Amurka da ke Dayton a Ohio.

Katakon balsa marar nauyi da siririn filawud da yadin Oratex sai ka yi odarsu daga waje, amma katakon obeche da masu wannan sana'a a Turai suke saye, daga dazukan kudancin Najeriya da Gana da Kamaru yake fita. In ka samu busasshe marar gaɓa zai yi maka sandunan jiki da gaban fiffike, ƙashin bayan fiffike ne dai kada ka yi da shi. Kada kuma ka bar jirgin cikin rufaffiyar mota da rana, zafin yana murɗa fiffike. In a Najeriya za ka tashe shi, ka fara bincikar ƙa'idar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, kan jirage marasa matuƙi, ka nisanci filin jirgi da bariki, musamman da yake tambarin soja za ka manna masa a fiffike.