Esin kan rufin mota mai aiki da batir: yadda na same shi a zafin Sakkwato

Duk wanda ke tunanin ɗora esi a motar da yake kwana a cikinta, ya fara da lissafin wutar da zai sha daga isha'i zuwa asuba kafin ya tambayi kuɗin esin. Wanda na sa a bas ɗina mai kyau ne, kuma zan faɗi alherinsa, amma kuɗin batir da sola da wayoyin da ke riƙe da shi sun ninka kuɗinsa, kuma da wuya mai sayarwa ya gaya maka haka da bakinsa.

Sana'ata binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa ce, ni nake zuwa in auna kafin masu haƙa burtsatse su kawo injinsu. Aikin kan kai ni Gwadabawa, Illela, Tangaza, Tambuwal, wani lokaci har cikin Kebbi, kuma ba kowane gari ke da masauki ba. Shi ya sa na cire kujerun bayan Hiace mai dogon rufi, na sa gado da akwatin kayan aiki. A hunturu bargo kawai nake nema. Amma daga Maris zuwa ƙarshen Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kusan kullum, ƙarfen motar yakan sha rana ya riƙe ta har tsakar dare. Ka kwanta katifa na ƙuna, ka buɗe taga sauro ya shigo.

Barin injin mota a kunne don a sha esinta na asali ba mafita ba ce. Yana cin wajen lita 1 a awa ko fiye, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan ya zama asara bayyananniya. Ga kuma hayaƙin salansa, wanda kan sulalo cikin mota a tsaye ya kashe mai barci ba tare da ya ji warin komai ba.

Na fara duba irin esin da Turawa ke ɗorawa a kan motocinsu masu ɗaki, irin su Dometic da Coleman-Mach. Wanda ya fi yawa a cikinsu mai ƙarfin BTU 13,500 ne (BTU ma'aunin ƙarfin sanyi ne), yana jan wat 1,300 zuwa 1,500 idan yana aiki, amma a daƙiƙar da kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, ke tashi yakan fizgi ninkin wannan sau uku ko fiye. Dalilin da ya sa ake ba shi janareta mai wat 3,000 ke nan, ko mai wat 2,000 da ɗoriya idan an haɗa masa na'urar da ke sassauta tashin kwamfuresa. Ƙaramin janaretan nan na masu shago, wanda bai kai wat 1,000 ba, ko motsa shi ba zai yi ba. Akwai kuma tarkon da ya kamata masu sayen kayan gwanjo su sani: na Amurka an ƙera su ne don wutar bolt 120 mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa bolt 230 ce mai bugu 50. Taransifoma za ta sauke maka bolt, amma ba za ta canza bugun ba, sai kwamfuresa ya yi ta aiki a wahale yana ɗaukar zafi. Na Turai ne ya dace da wutarmu. Ni dai abin da ya raba ni da wannan hanya shi ne janaretan kansa. Saboda yanayin tsaro, ba na kwana a daji. Ƙofar gidan hakimi ko mai gari nake fakawa. Bai kamata mutum ya ba ka wurin kwana kai kuma ka hana iyalinsa barci da ƙarar inji ba.

Hanya ta biyu da na duba ita ce na'urar sanyi mai ruwa, wadda ake zuba wa ruwa fanka ta busa iska ta cikin jiƙaƙƙen soso. Aikinta ɗaya da na randa: ruwa na tsatsafowa, busasshiyar iska na kwashe shi, sanyi na samuwa. A Maris da farkon Afrilu, da iskarmu ke bushe ƙarau, tana yin abin kirki da wutar da ba ta wuce wat 100 ba. Amma sai taga na buɗe, in ba haka ba cikin motar ya cika da gumi, kuma da zarar iskar damina ta fara kaɗowa amfaninta ya ƙare. Daidai lokacin ne kuwa dare ya fi wuya.

Wanda na saya shi ne irin na direbobin tirela, dunƙule guda da ake zaunarwa a kan rufi, yana shan wutar batir kai tsaye, bolt 24, ba ya bukatar inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Ƙirar Sin ne. A takardarsa an rubuta sanyin da ya kai wajen BTU 8,000, wato ƙasa kaɗan da esin gida mai hos ɗaya. Kwamfuresansa mai hawa a hankali ne, ba ya fizgar wuta. Akwai mai bolt 12 wanda ya yi daidai da batirin Hiace, amma rewayan da ya yi mini aikin, wani dattijo a unguwar Buzaye cikin Sakkwato, ya hana ni. "Alhaji, wanga ba ya yi maka," in ji shi. "Wuta guda ce, amma a sha biyu sai ta ja amfiya saba'in. Wace waya za ka sa mata ba ta yi zahi ba?" Gaskiyarsa. A bolt 24 amfiyar rabi ce, wayar ba ta kai kaurin waccan ba, asarar da ake yi a hanya ma ta ragu. Sai muka ware wa esin batirinsa daban, aka bar na tayar da mota ba a taɓa shi ba.

Ga abin da mitar batir ke nuna mini. Idan na kunna shi a mota mai zafi, yana jan amfiya 32 zuwa 35, wajen wat 850 ke nan. Bayan kamar awa guda, ƙarfe ya huce, sai ya sauko amfiya 13 zuwa 16. In na saita shi a digiri 26, daren Afrilu na awa 8 yakan cinye mini kilowat-awa 3.5 zuwa 4 (kilowat-awa guda shi ne shan wat 1,000 na tsawon awa guda). Batirina lithiyam ne nau'in LiFePO4, bolt 25.6, amfiya-awa 200, wato kilowat-awa 5 da 'yan kai a cike. Yana kai ni asuba da ɗan saura na cajin waya da kwamfuta. In kuwa na ce sai digiri 20 nake so, kwamfuresa ba ya saukowa sam, cikin kamar awa 6 batir ya ƙare. Masu son amfani da batirin ruwa irin na inbatar gida su sani cewa rabinsa kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko. Don samun abin da lithiyam guda ke ba ni sai an jera guda 4 masu amfiya-awa 200, kowanne ya haura kilo 50. Motar da ke bin yashi da kwazazzabai ba ta bukatar wannan nauyin.

Mayar da wutar da aka sha shi ne babban aiki, kuma nan ne na fi daɗewa ina gwaji. Rufin Hiace, bayan esi ya ci wurinsa, faifan sola 2 kawai yake ɗauka, masu wat 400 kowanne. A rubuce wat 800 ne, amma ana auna faifan ne a digiri 25, kuma yana rage ƙarfi idan ya yi zafi. Da tsakar ranar bazara, da ba ka iya ɗora tafin hannu a kansa, abin da nake gani bai cika wuce wat 600 ba. Yini guda yakan tara mini kilowat-awa 3 zuwa 3.5, ƙasa da abin da dare ya ci. Giɓin nake cikewa da cajar da ke ɗebo wuta daga injin mota in ina tafiya, tana ba da wajen wat 400. Ranar da na yi tafiyar awa 2, lissafi ya daidaita. Ranar da na yini a wuri guda, sai na jinkirta kunna esi zuwa ƙarfe 11 na dare.

Sannan ga wani cin karo da babu takardar da ta ambata. Mota tana son inuwa, sola yana son rana. In na faka ƙarƙashin dogon yaro, ko gawo wanda a rani ne yake da ganye, cikin motar yakan yi dama-dama, esi ya samu sauƙi da dare, amma batir ya yini da yunwa. In na bar ta a fili, batir ya ƙoshi, motar ta zama abin da esi zai yi awa biyu yana kokawa da shi. Abin da ya raba gardamar shi ne faifai na uku mai naɗewa da doguwar waya: mota a inuwa, faifai a rana, in jingine shi da dutse in riƙa juya shi. Ba ya cike gurbin na rufi, amma yana rage asara, yaran gari kuma sukan taya ni gadinsa.

Da rana fa? Kada kowa ya ruɗe ka. Ƙarfe 2 na ranar Afrilu, mota a fili, esin nan yana ta iya ƙoƙarinsa amma da ƙyar yake sauko da ciki zuwa digiri 32 ko 33. Ya fi waje nesa ba kusa ba, sai dai ba sanyin ofis ba ne. Yawancin na'urorin sanyi ana auna ƙarfinsu ne a zafin waje na digiri 35, abin da ake kira ajin T1. Na ƙasashe masu zafi irin namu ajin T3 ne, wanda ake gwadawa a digiri 46. Nawa babu wannan shaidar a jikinsa, kuma na ga alama: in zafi ya kai maƙura yakan rage gudu da kansa don kare kwamfuresa. Abin da ya fi taimaka masa bai kai kuɗin faifan sola guda ba. Mun cire silin da bangon ciki, muka liƙa soso mai fuskar gwangwani a jikin ƙarfen, muka rataya labule mai kauri tsakanin gado da gaban mota, gilasai kuma na yanka musu marufi mai ƙyalli. Bayan wannan aikin ne amfiyar dare ta sauko inda na faɗa a sama. Batirin ma yana son kulawa, domin lithiyam ba ya son caji in ya wuce digiri 45, na'urar da ke tsaronsa takan yanke. A ƙasan gado yake, kusa da daɓen mota, da 'yar fanka tana busa masa.

Wajen ɗora shi an sha fama. Wanda ya fara yanka rufin ya zaunar da esin a kan gwangwanin kawai, ya zagaye da gam. Na'ura ce mai nauyin kilo 20 da wani abu, ga hanyoyinmu masu gargada. Ba a jima ba rufin ya fara lotsawa, gam ya tsage, ruwan farko na watan Yuni ya ɗiga mini a kan filo. Sai da mai walda ya haɗa firam na ƙarfe daga ciki, ya ɗaure shi da haƙarƙarin rufin, sannan aka sake zaunar da esin a kan robarsa. Duk wanda zai yi maka aikin, ka tsaya a kansa ka ga firam ɗin da idonka, ka kuma tabbatar an sa fiyus dab da kan batir. Motar ta ƙara tsawo, sai ana lura da rassan itace da wayoyin da ke ratsa lungu.

Ƙura kuwa abokiyar zama ce. Duk mako biyu a lokacin hunturu da bazara nakan hau tsani in buɗe murfin sama. Haƙoran kwandansa, wato ragar ƙarfen da ke fitar da zafi, sukan toshe da jar ƙasa da busassun furannin dogon yaro, har da gashin tsuntsu. Da tsohon burushi da ruwa a gorar roba mai hudajjen murfi nake bi layi-layi, a hankali don kada su lanƙwashe, ruwan na gangarowa ta gefen mota kamar kunun kanwa. Da na gama, iskar da ke fitowa takan canza nan take, amfiya ma ta ragu. Faifan sola kuma kowace safiya sai an share.

Ƙararsa daga waje ba ta kai ta firji babba ba, ko wanda ke shimfiɗe a tabarma kusa da motar ba ya damuwa. A ciki ne fankar ke bisa kanka, a gudu na sama tana da hayaniya, a na ƙasa kuwa barci lafiya lau.

Wani abokin aikina ya bi wata hanyar: esin gida mai hos ɗaya, irin mai inbata da ke rage shan wuta, ya rataya ɓangarensa na waje a ƙofar baya. Maganar gaskiya nasa ya fi nawa sanyi a kan wuta kusan ɗaya, ya fi araha, ana samun mai shaidar T3, kuma kowane mai gyaran esi a cikin gari ya san shi. Illarsa ita ce ba don girgiza aka yi shi ba. Mahaɗar bututun jan ƙarfe takan saki, gas ya tsere, kuma dole sai da wata inbata mai kyau tsakaninsa da batir. Wanda motarsa ke yawan zama wuri guda, ko bas babba irin Coaster mai bin kwalta, shi zan ba shawarar wannan. Mai shiga ƙauyuka irina, na rufin ya fi masa kwanciyar hankali.

Abin da ke damuna har yanzu kayan gyara ne. Gas ɗinsa R134a ne, irin na motoci, ko'ina akwai. Fanka ma ana iya daidaita wata. Amma allon lantarkin da ke tuƙa kwamfuresa ban ga mai sayar da shi a Sakkwato ba, na tambaya a Kano ma aka ce sai an yi oda. Na sa an kawo mini guda, yana naɗe a leda cikin akwatin kayan aiki, kuma in Allah ya hore kafin bazara mai zuwa batir na biyu zan ƙara.