Daga Jamus: Yadda Ake Canjin Kulocin Tsohuwar Porsche 944 Turbo

Assalamu alaikum Maigida. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyali da yaran gareji, ga bayanin yadda aikin kuloci yake a nan. Na zaɓi misalin motar da makanikan Jamus kansu ke jinjina wa, wato Porsche 944 Turbo, wadda aka ƙera daga 1985 zuwa 1991 a masana'antar Audi da ke Neckarsulm. Injinta silinda huɗu ne, lita 2.5, ƙarfin doki 220, daga baya aka kai shi 250.

Abin da ya sa aikin ya yi kaurin suna shi ne tsarin motar. Inji da kuloci suna gaba, giyabos kuwa can baya tsakanin tayoyi. Abin da ya haɗa su wani dogon bututun ƙarfe ne, farfela na juyawa a cikinsa. Saboda haka kafin ka ga fuskar kuloci sai ka sauke giyabos daga baya, ka ja bututun nan, sannan ka buɗe ƙoƙon da ke rufe da fulawil. Aikin da a Golf ko Corolla ake gamawa kafin la'asar, a nan kwana biyu ne cur, wajen awa 16 ko fiye.

To a nan bambanci da gida yake farawa. A Jamus awa ake biya, kuma a gareji da yawa awa ɗaya ta haura Yuro 100, ga harajin kashi 19 cikin ɗari a kai. Ka lissafa awa 16, za ka ga kuɗin hannu ya ninka kuɗin kaya. A Ƙofar Ruwa ko Panteka kaya ne ke cin kuɗi, ladan makanike kuwa sai abin da aka daidaita. Shi ya sa a gida ake sauke giya sau biyu ba a damu ba, a nan kuwa duk abin da hannu ya kai gare shi a ciki sai an sabunta shi, don kada a sake komawa.

Ba sa fara kwance komai sai sun auna. A jikin ƙoƙon akwai wani rami mai murfin roba, ta nan ake ganin cokalin kuloci. Tazarar da ke tsakanin gefen ramin da cokalin milimita 18 ce idan faifan kuloci, wato fileti, sabo ne, idan ta kai 34 ya ƙare. A kan titi kuma ana sa giya ta huɗu, a taka totur har ƙasa. Turbo na kawo cikakken ƙarfinsa ne wajen juyi 3,500 a minti, to idan allurar juyin inji ta yi sama gudu bai ƙaru ba, faifan na sulɓi. Amma idan feda ce ta faɗi ƙasa ta ƙi dawowa, a duba kulocin sama da na ƙasa, wato fanfuna biyun da ke kai ƙarfin feda ga cokali, tukuna, domin da man birki suke aiki, daga kwalba ɗaya da birkin, kuma yoyonsu kan sa a zargi faifan da bai yi laifi ba. Bayan wannan binciken ne ake rubuta wa mai mota kiyasin kuɗi a takarda, ya amince, sannan a taɓa sifana.

Ana cire kan batir da farko. Sai salansa, da bawul ɗin da ke rage wa turbo hayaƙi, da bututun hayaƙin da ya ratsa ƙarƙashin ƙoƙon. A motocin farko wannan bututu guda ɗaya ne, sai an kwance kayan saman inji kafin ya fita, na baya kuma an raba shi biyu, ya rage wahala sosai. Notocin waɗannan kayan hayaƙi su ne masu cin lokaci. Zafin turbo na sama da shekara talatin da gishirin da ake watsa wa titi lokacin sanyi sun riga sun manne su, sai an jiƙa su da mai tun daren jiya, wani ma sai an sa masa wuta. Wanda ya yi gaggawa ya karya kusa a jikin turbo, ya ƙara wa kansa yini guda.

Daga nan a kwance shaf biyu na baya, kusa shida a kowane kai, masu baki goma sha biyu. Kada a cusa musu alanki mai baki shida, zai lashe kan. A share ƙasar da ke cikin ramin kusar, a buga makullin ya zauna sosai kafin a juya. Sai a kwance kusoshi biyu na hannun da ya haɗa farfela da giyabos, a tura shi baya, a cire sandar giya, a sauke giyabos ɗin da jak, don nauyinsa ya kai buhun siminti ko ya fi. A tokare inji da katako daga ƙasa, sannan a juya bututun a ja shi baya.

Abubuwa uku ne suka fi ɓata aiki a gaba. Akwai sensa biyu a saman ƙoƙon masu karanta juyin fulawil, dole a zare su kafin a motsa shi, in ba haka ba su karye. Wajen mayarwa, tazarar sensan gudu da haƙoran fulawil milimita 0.8 ce, idan ta kauce mota ba za ta tashi ba, a yi ta zargin fanfon mai a banza. Sai sandar da cokali ke juyawa a kai: boris ɗin wannan kuloci a maƙale yake da disk, wato murfin da ke danne faifai, jan sa ake yi ba turawa ba, don haka ƙoƙon ba zai fita ba sai an zare sandar. Ana ɗaura mata kusa mai lamba 8 a fizgo ta. Na uku wayoyin as, masu mayar da wuta jikin mota, da ke ɗaure a saman ƙoƙon. Wanda ya manta su ya murza kik, wuta za ta nemi wata hanyar, tana iya ƙone kwamfutar motar.

Game da kaya, abin da ya fi burge ni shi ne tabbas. Da lambar shasi ake nema, saitin Sachs na Schweinfurt ya zo har ƙofa cikin kwana ɗaya ko biyu: fileti, disk da boris. Na Turbo faɗinsa milimita 240 ne mai sifirin a tsakiya, na 944 maras turbo kuwa 225 ne, kuma na asalinsa roba ce a tsakiya wadda ke tsagewa idan ta tsufa. Ba sa shiga wa juna. Doka ta ba sabon kaya lamunin shekara biyu, abin da aka saya ta intanet kuma ana iya mayarwa cikin kwana 14. Kayan Beljiyam da muke saye a gida sa'a ce kawai, ba wanda ya san kilomita nawa faifan ya ci. Tare da saitin ana sayen oyil sil na bayan inji, ƙaramin boris na tsakiyar fulawil, ƙananan boris na cokali, hannun da boris ke zamewa a kai, da sababbin kusoshin fulawil guda tara. Oyil sil ɗin nan kuɗinsa kaɗan ne, amma idan ya ɗiga baƙin mai a kan sabon faifai, awa 16 ɗin ta dawo sabuwa.

Ɗauri kuma da sifana mai awo ake yi, ba da ƙarfin dantse ba: kusoshin fulawil 90, na disk 25, a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm, ana bi a gicciye kaɗan-kaɗan. Giris a haƙoran farfela shafawa ce kawai, idan ya yi yawa zai fantsama kan faifai mota ta riƙa karkarwa wajen tashi. Don Allah Maigida a gargaɗi yara kada su hure ƙurar tsohon kuloci da iska. Na shekarun 1980 kan ƙunshi asbestos mai lalata huhu, wanda Jamus ta haramta a 1993. A jiƙa tsumma a goge.

Sai dai akwai inda gida ya fi. A nan da wuya ka sami wanda zai sake wa fileti fata da ribit, ko ya yi wa cokali walda, canji kawai suka sani. Layi ma kan kai makonni kafin a karɓi motarka, alhali a Kano da safe ka kawo, da safe a shiga ƙarƙashinta. Masu ƙaramin ƙarfi a nan sukan kama hayar gareji ne da awa, da na'urar ɗaga mota da kayan aiki, su yi da kansu.

Idan an gama, a fitar da iska daga kulocin ƙasa da man birki DOT 4, a duba man giya, wajen lita 2 yake ci. Sannan a gaya wa mai mota ya lallaɓa ta na ɗaruruwan kilomitan farko a cikin gari, kada ya buɗe wa turbo wuta sai faifan ya zauna da fulawil.

A gaida mutanen gida. Wassalam.